Yadda Za Ka Zaga Tsohon Birnin Liyon da Ƙafa, Kai Kaɗai, Cikin Wuni Guda

Liyon, da ke ƙasar Faransa, gari ne mai rowar kyawunsa. In ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, bayan tafiyar awa biyu daga Faris, abin da zai fara tarbarka benaye ne na kankare da gilashi da kantuna irin na ko'ina, har ka ce a ranka, wai wannan ne garin da ake ta zuzutawa? Ni ma haka na ce ran da na fara zuwa. Ashe tsohon garin yana can yamma, rabinsa a kan tuddai biyu, rabinsa kuma a bayan ƙofofin gidaje waɗanda baƙo zai wuce su sau goma bai san ana shiga ba. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya a 1998, amma ba za ka ga dalilin ba ta tagar mota.

Hanyar da zan kwatanta maka kusan kilomita 8 ce a lissafina, ba ta buƙatar ɗan jagora, kuma yawancin abin kallon kyauta ne. Abu biyu kawai za ka riƙe: tudun farko ka hau shi da jirgi ka sauko da ƙafa, sannan kada ka ji nauyin tura ƙofa. Sunayen tituna na bar su yadda Faransawa suka rubuta, don haka za ka gan su a jikin bango.

Mataki na 1: shirin daren jajibere

Zaɓi rana tsakanin Laraba da Asabar. Gidajen tarihin garin wasu Litinin suke hutu, wasu Talata, kasuwannin safe kuma ba sa ci ran Litinin. Lahadi tsohuwar unguwa cika take maƙil da masu yawon buɗe ido, da ƙyar za ka sami masaka tsinke.

Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Titunan tsohon gari daɓen duwatsu ne masu santsi, musamman in an yi yayyafi, kuma sabon takalmi zai rama maka tun kafin azahar. Sauke taswirar garin a wayarka ta yadda za ta buɗe ko babu intanet, cika batir, ɗauki gorar ruwa da kwafin fasfo. Ruwan famfon garin ana sha. Sayi tikitin kwana ɗaya na kamfanin sufuri na TCL a injin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shi zai shigar da kai wannan jirgin, wato metiro, da bas da ɗan jirgin hawa tudu. Duk shigar da za ka yi ka buga shi a na'ura, don masu duba tikiti ba sa karɓar uzurin baƙunta.

Duba lokutan salla na garin, domin ba su zama wuri ɗaya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kuwa ƙarfe biyar duhu ya fara. Alƙibla daga Liyon kudu maso gabas take. 'Yan'uwa mata, babu mai hana ku yawo da hijabi a titi, amma dokar Faransa ta 2010 ta haramta rufe fuska a bainar jama'a, don haka niƙabi zai jawo tara.

Mataki na 2: fara daga Bellecour, ƙarfe takwas da rabi

Layin metiro A da D duk suna tsayawa a Bellecour. Fili ne makeke mai jan tsakuwa, yana zaune a kan siririyar ƙasar da ke tsakanin koguna biyu: Ron a gabas, wanda ake rubutawa Rhône, da Son a yamma, wanda ake rubutawa Saône. Ofishin masu yawon buɗe ido yana cikin filin, in ya buɗe ka shiga ka karɓi taswirar takarda, ka roƙa a nuna maka lungunan da ke ratsa cikin gidaje, waɗanda ake kira traboules.

A tsakiyar filin akwai mutum-mutumin Sarki Luwi na 14 bisa doki, an kafa shi a 1825. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla zai lura da abin da Turawa da yawa ke wucewa ba su gani ba: sarkin ba shi da likkafa, ƙafafunsa reto suke yi. Za ka ji ana ba da labari wai masassaƙin ya kashe kansa da ya gane ya manta da ita. Ƙanzon kurege ne. Da gangan ya yi shi haka, irin hawan sarakunan Rumawa.

Juya ka fuskanci yamma. Farin ginin nan mai hasumiya huɗu da ke kan tudu, nan za ka. Bi titi zuwa gadar Bonaparte ka tsallake Son. Hattara da masu keke. Suna da nasu layin, ba su da ƙara, kuma ba sa rage gudu don kai.

Mataki na 3: hau Fourvière da "zare"

Da ka sauka daga gada, tafiya kaɗan za ka ga tashar Vieux Lyon. Daga nan ƙananan jirage biyu ke tashi, igiyar ƙarfe ce ke jan su ta cikin rami zuwa saman tudu. Mutanen gari suna ce musu ficelle, wato zare. Shiga mai zuwa Fourvière, ba mai zuwa Saint-Just ba. Minti biyu ko uku ka isa.

Akwai masu cewa ai hawa da ƙafa ya fi. Na gwada ta matakalar Chazeaux, mai hawa 228, wadda ko rabin tudun ba ta kai ka ba. Na isa sama ina haki kamar wanda kura ta koro, sauran wunin kuma na yi shi ina neman wurin zama. Adana gwiwarka, akwai tudu na biyu da yamma.

Kana fitowa za ka yi kiciɓis da majami'ar Notre-Dame ta Fourvière. Duk da kamanninta na tsohuwar ganuwa, ba ta tsufa sosai ba: an soma ta a 1872, da kuɗin da mutanen gari suka tara don cika alwashin da suka yi lokacin yaƙin 1870 da Jamusawa, aka tsarkake ta a 1896. Cikinta zinariya da zanen ƙananan duwatsu ko'ina, har ado ya so ya yi yawa a ganina. Shiga kyauta ne. In za ka shiga, namiji ya cire hula, don a wurinsu hakan shi ne ladabi, kuma a yi shiru. In ba ka son shiga, ba ka yi asara ba, abin da ya kawo ka yana bayan ginin.

Zaga ta hagu zuwa farfajiyar da ke kallon gabas. Ga garin nan gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka: jajayen rufunan tsohuwar unguwa, kogin Son, jan filin da ka baro, kogin Ron, da dogon bene mai tsinin kai da suke wa laƙabi da fensir. Tudun da ke hannunka na hagu, cike da dogayen gidaje masu tagogi barkatai, shi ne Croix-Rousse. Suna cewa Fourvière tudun masu addu'a ne, Croix-Rousse kuma na masu aiki. In sama ta washe za ka hango tsaunukan Alp da farin kan Mont Blanc can nesa. Kada ka yi murna da yawa, 'yan gari sun ce ganinsa alamar ruwa na tafe ne.

Tsaya a nan minti goma sha biyar ka haɗa abin da idonka ke gani da taswirar hannunka. Wannan tsayuwar ce za ta hana ka ɓata sauran wunin.

Wani ɗan labari da ya shafe mu: a kan wannan tudu aka kafa ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika da ake kira SMA a 1856, kuma limamanta ne suka buɗe mishan a Shendam, da ke jihar Filato ta yanzu, a 1907.

Mataki na 4: inda garin ya samo asali

Daga majami'a bi allunan da ke cewa Théâtres romains, gangare ne na minti biyar zuwa goma. A nan wani hafsan Rumawa mai suna Munatius Plancus ya kafa garin a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, da sunan Lugdunum, ya zama babban birnin ƙasar Gol, wato Faransa ta wancan zamani, a ƙarƙashin Rum. Abin da ya rage a fili shi ne dandalin wasanni biyu da aka sassaƙa a jikin tudu. Babban yana cin mutum kusan 10,000 a zamaninsa, ƙaramin kuma kusan 3,000, na waƙa da karatu ne. Ba a biyan ko sisi.

Hau can layin ƙarshe na babban ka zauna. Sai ka sauko zuwa ƙaramin ka dubi daɓensa: duwatsu ne kala-kala da aka yanko daga sassan daular, ja daga Masar, kore daga Girka. Shekara kusan dubu biyu da suka wuce wani ya biya kuɗin ɗauko dutse daga Masar don a taka shi a nan. Tsakanin Yuni da Yuli ana kafa dandamalin kiɗa a babban dandalin saboda bikin da ake yi kowace shekara, don haka ba za ka gan shi tsirara ba.

Gidan tarihin da ke gefe an binne shi a cikin tudu, shi ya sa ba a ganinsa sosai. In kana da awa guda da kuɗin shiga, nemi allon tagulla mai ɗauke da jawabin Sarkin Rum Kalaudiyus, haifaffen Liyon, wanda ya yi a shekara ta 48 yana neman majalisar Rum ta karɓi manyan mutanen Gol a cikinta. In ba ka da lokaci, wuce.

Sauko ta Montée du Gourguillon, tsohuwar hanya mai karkace-karkace da daɓen dutse. Za ta zubar da kai a ɗan filin Trinité, bakin tsohuwar unguwa.

Mataki na 5: ƙofofin da ake turawa

Nan ne zuciyar tafiyar, kuma ka yi ƙoƙari ka iso kafin sha ɗaya.

Unguwar Vieux Lyon arzikin kasuwanci ne ya gina ta. A 1463 Sarki Luwi na 11 ya ba garin izinin cin manyan kasuwanni huɗu a shekara, sai attajiran Italiya masu harkar banki suka kwararo, suka gina gidaje irin na garuruwansu, masu tsakar gida da rijiya da matakala mai murɗewa a cikin hasumiya. Daga baya unguwar ta lalace ta koma ta talakawa, har aka yi shirin rushe wani sashenta don fitar da babban titi. Mutanen gari suka tashi tsaye, a 1964 ta zama unguwa ta farko a Faransa da doka ta ba kariya ta musamman.

Fara da leƙa babbar majami'ar Saint-Jean, wadda gininta ya ci shekara kusan 300, daga ƙarni na 12 zuwa na 15. A cikinta akwai agogon taurari mai daɗaɗɗen tarihi tun ƙarni na 14. A nan Sarki Hanri na 4 ya yi bikin aurensa a 1600. Minti goma sun isa.

Yanzu shiga titin Saint-Jean ka riƙa duban lambobin gidaje. Titunan unguwar duk sun bi tsawon kogi, masu ratsa su kaɗan ne, shi ya sa mutanen da suka huda hanya ta cikin gidaje: ka shiga ta ƙofar wannan titi, ka bi soro, ka ratsa tsakar gida, ka ɓulla a wancan titi. Wannan ita ce traboule. Akwai ɗaruruwansu a garin, amma kusan arba'in ne aka buɗe wa jama'a, bisa yarjejeniya tsakanin hukumar birni da masu gidajen: su bar ƙofa a buɗe da rana, hukuma kuma ta taimaka da shara da wuta.

Tsaya a lamba 54. Ƙofa ce ta katako mai nauyi, a rufe, ba abin da ya bambanta ta da ta maƙwabta sai ɗan allo a gefe. Ran da na fara zuwa na fi minti biyar a tsaye a gabanta. Tarbiyyata ba ta yarda in faɗa gidan mutane ba sallama ba, ga shi kuma babu yaron da zan aika a ce ana sallama da mai gida. Ina nan sai ga wata tsohuwa da jakar cefane, dogon burodi ya leƙo daga ciki. Ta dube ni, ta dubi taswirar hannuna, ta danna wani maɓalli a gefen ƙofa, ta tura da kafaɗa, ta riƙe mini. Na ce, "Bonjour, Madame." Ta amsa, sannan ta ɗora yatsa a leɓenta. Na gane karatun.

Ciki soro ne dogo mai duhu da sanyi da warin tsohon dutse. Ka yi taku ashirin sai haske ya faɗo maka daga sama: tsakar gida ƙarama kamar rijiya, bango ruwan hoda da ruwan ƙasa, baranda bisa baranda, akwatunan wasiƙa, keken yaro a jingine. Sai wani soron, sai wata tsakar gidan. Gida huɗu za ka ratsa kafin ka tura ƙofar ƙarshe ka tsinci kanka a lamba 27 ta titin Bœuf. Ita ce mafi tsawo a unguwar.

Ga ƙa'idar shiga. In ƙofa ba ta buɗe da turawa ba, nemi maɓallin da ba suna a jikinsa. Masu suna ƙararrawar ɗakunan mutane ne, kada ka taɓa. In ka danna ba ta buɗe ba, ba ta jama'a ba ce ko lokaci ya wuce, ka yi gaba. A ciki ka sassauta murya, don amo yana hawa har bene na biyar. Kada ka hau matakala, kada ka ɗauki hoton mutum ko tagarsa, kada ka ci abinci a wurin. Ka ɗauka zauren wani dattijo ne aka ba ka izinin ratsawa.

Daga nan bi titin Bœuf zuwa lamba 16 ka ga hasumiyar da ake kira Tour Rose a tsakar gida. Koma titin Saint-Jean ka gwada lamba 27, wadda ke fitar da kai lamba 6 a titin Trois-Maries. Kusa da nan kotun birni take, mai ginshiƙai 24 a bakin kogi. A cikinta aka yi shari'ar Klaus Barbie a 1987, shugaban 'yan sandan asirin Hitila a Liyon, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Lungunan da ka ratsa yanzu sun yi wa masu gwagwarmayar ƙwatar Faransa amfani a wancan zamani, domin ɗan gari ya san ƙofar da ke ɓullewa, baƙon soja bai sani ba.

Kafin ka bar unguwar leƙa tsakar gidan Gadagne, na wasu attajiran birnin Fulorans na Italiya, wanda yanzu gidan tarihin birni ne.

Mataki na 6: abincin rana, da ido a buɗe

Liyon tana alfahari da cewa ita ce hedikwatar girkin Faransa, kuma ƙananan gidajen abincinta na gargajiya, bouchon, sun yi suna. Gaskiyar da ba a cika faɗa wa Musulmi ba ita ce, alade ne ginshiƙin wannan girki. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci zai karanta takardar abinci ya gane. Kai da ba ka ji, haddace waɗannan: porc, jambon, lardons, saucisson, rosette, andouillette, grattons. Duk alade ne. Salak ɗin da ake kira salade lyonnaise ma da soyayyen alade a ciki. Miya da yawa da giya ake haɗa ta, har koren alawar nan mai siffar matashin kai, coussin, da ake saye tsaraba, akwai barasa a cikinta. Tambayarka ita ce, "Sans porc, sans alcool?"

Ni a wani gidan burodi na kusa afkawa. Na nuna wani burodi mai ruwan zinariya, sai mai sayarwar ta dubi hulata ta tambaye ni ko ina cin alade. Ashe tsiren alade ne guda aka naɗe a tsakiyarsa. Ta miƙo mini wani mai jajayen ƙwayoyin almon da sukari, wanda suke kira praline. Allah Ya saka mata.

Mafi sauƙi, shiga metiro D daga Vieux Lyon, tasha biyu ka sauka a Guillotière. Unguwar baƙi ce, Larabawan Magrib da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Asiya, akwai mahauta da gidajen abincin halal a titin Paul Bert da kewayensa, akwai kuma ƙananan masallatai. Matambayi ba ya ɓata. Riƙe wayarka da kyau a bakin tashar saboda cunkoso. In Juma'a ce, zarce da layin D zuwa Laënnec, ka taka zuwa Babban Masallacin Liyon da ke Boulevard Pinel, wanda aka buɗe a 1994. Ka tuna gidajen abincin Faransawa daga sha biyu zuwa biyu suke ba da na rana, bayan nan an kashe murhu sai dare. Kuma duk inda ka shiga, fara da bonjour kafin ka faɗi buƙatarka. A wannan fanni dai halinsu da namu ɗaya.

Mataki na 7: daga bakin kogi zuwa Terreaux

Koma bakin Son, ka bi gaɓar gabas ka yi arewa har kwanar titin Martinière. Akwai bene guda da aka zane bangonsa gaba ɗaya da tagogi da barandar ƙarya, mashahuran garin su talatin suna leƙowa: 'yan'uwan nan biyu Lumière da suka fito da sinima a 1895, Ampère wanda ma'aunin wutar lantarki ke ɗauke da sunansa, shahararren kuku Paul Bocuse. Daga nesa sai ka rantse kantin littattafan da ke ƙasa na gaske ne.

Minti biyar daga nan filin Terreaux yake, da fadar magajin gari ta ƙarni na 17 da maɓuɓɓugar ruwa mai dawaki huɗu, aikin Bartholdi, wanda ya ƙera mutum-mutumin 'yanci na Niyok. Shiga ƙofar gidan zane-zanen da ke fuskantar ta. Lambun da ke tsakiyarsa kyauta ne, da inuwa da kujeru. Huta sosai.

Mataki na 8: tudun masaƙa

A 1536 Sarki Faranswa na 1 ya ba wasu 'yan kasuwa izinin kafa saƙar siliki a Liyon, sana'ar da ta riƙe garin shekaru ɗaruruwa. A farkon ƙarni na 19 Jacquard ya fito da masaƙa mai aiki da katunan da aka huhhuda, kowane kati yana gaya wa zare wanda zai ɗaga da wanda zai kwanta. Sai dai tsayinta ya kusa mita 4, ba ta shiga tsofaffin ɗakuna. Shi ya sa masaƙan, da ake kira canuts, suka ƙaura zuwa Croix-Rousse aka gina musu gidaje masu dogon rufi da manyan tagogi don haske. Ɗaki ɗaya ne masaƙa da kicin da makwanci.

Hau ta Montée de la Grande-Côte. Hawa ne na gaske, amma a hankali yake, kuma duk inda ka tsaya ka waiga akwai abin gani. Wanda gwiwarsa ta gaza ya shiga metiro C daga tashar Hôtel de Ville, kusa da Terreaux, zuwa Croix-Rousse, babu abin kunya.

A sama nemi Maison des Canuts a titin Ivry, ka tambayi lokacin da ake nuna saƙa. Wannan kam ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi a gida zai gane komai: taka ƙafa, buɗewar zare, wucewar ƙoshiya, bugun da ke matse saƙa. Bambancin kawai tulin katunan nan da ke juyawa a sama. Mutanen Liyon har suna suka ba ƙarar, bistanclaque, kuma in ka saurara haka take faɗa.

Masaƙan ba su ne masu kayan ba. Attajiran da ke gindin tudu su ke ba da zare, su ke yanka farashi, su ke karɓar ƙyalle. Da farashi ya faɗi, aka yi yarjejeniyar mafi ƙarancin lada, attajirai da yawa suka ƙi bi, sai masaƙa suka gangaro a Nuwamban 1831 da baƙar tuta mai cewa a rayu ana aiki ko a mutu ana faɗa. Sun riƙe garin 'yan kwanaki kafin soja su karɓe shi. Suka sake tashi a Afrilun 1834, aka murƙushe su da jini.

In da sauran ƙarfi, taka zuwa Boulevard des Canuts, kusa da tashar Hénon, ka ga zanen bango mai faɗin murabba'in mita 1,200. An yi shi a 1987, kuma in an sabunta shi ana tsofar da mutanen ciki: yaron da aka zana a farko ya girma ya zama magidanci. Dawo ta Gros Caillou, ƙaton dutsen da ke ƙarshen babban titin unguwar, ka zauna a ciyawa ka kalli kogin Ron.

Saukowa kuma ta hanyar masaƙa za ka yi. Nemi lamba 9 a filin Colbert ka shiga Cour des Voraces. Matakala ce ta dutse mai hawa shida, a buɗe, tana zikzak a fuskar gini. Babu ado ko kaɗan, amma ni ta fi tsaya mini a rai fiye da zinariyar Fourvière. Bi ta ƙasanta ka ɓulla a titin da ke gangare, ka ci gaba da bin ƙananan allunan da ke nuna lungu na gaba. Ta nan ake sauko da bandiran siliki ba tare da ruwan sama ya taɓa su ba. Duk inda ka rikice, bi gangare kawai, zai kai ka Terreaux, inda metiro yake.

In kana da rana ta biyu

Akwai wuri guda da ƙafa ba ta kai ka, sai mota: ƙauyen Chasselay, arewa da birni. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940 sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi suka tare wa Jamusawa hanyar shiga Liyon. Ana ce musu 'yan Senegal, amma daga ƙasashe daban-daban na mulkin Faransa aka ɗebo su. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya, sai Jamusawa suka ware baƙaƙe daga fararen hafsoshinsu, suka kai su fili suka buɗe musu wuta. A 1942 aka gina musu maƙabarta mai jan bango da tsinin hasumiya, irin ginin ƙasa na yankinmu, a tsakiyar gonakin Faransa. Ana kiranta Tata. Mutum 188 daga cikinsu ke kwance a wurin. Bi layin kaburburan a hankali ka karanta sunayen. Wasu za ka ji kamar na maƙwabtanka ne, wasu kuma babu suna, an rubuta inconnu kawai, wato ba a san ko wane ne ba.